Sharhi: A ceto waƙoƙin da ke riƙe da asalin mutanen Fagge da Sabon Gari

Ƙaramar Hukumar Fagge ba ta da faɗin ƙasa, amma da wuya a samu wani yanki a Arewacin Najeriya da ya tara zuri'o'i iri-iri kamar ta. Ƙidayar 2006 ta nuna tana da mutum kusan 200,000, kuma a cikinta ne Kantin Kwari da Kasuwar Singa da Kasuwar Sabon Gari suke. Kusan kowane tsohon gida a unguwannin Fagge da Sabon Gari yana da kakan da ya zo daga wani wuri. Wani ya biyo ayarin raƙuma daga Azbin, wani ya hau jirgin ƙasa daga Ilori ko Abekuta, wani kuma ya taso daga gabashin Kwara ko daga Saliyo.

Kaɗan ne daga cikin waɗannan gidaje suka rubuta labarin zuwan kakanninsu. Abin da ya rage na wannan tarihi yana bakin tsofaffin mata masu waƙar raino da ta kai amarya, yana bakin maroƙa da sanƙirori masu jero sunayen iyaye da kakanni, yana kuma cikin taken da ake kaɗa wa gida a ranar biki. Masu riƙe da wannan sani suna ta rasuwa, kuma ba a ga wani shiri na hukuma ko na al'umma da ya kai girman asarar da ake tafkawa ba. Lokaci ya yi da Ƙaramar Hukumar Fagge da gwamnatin jiha da jami'o'i da shugabannin al'ummomin yankin za su ɗauki batun a matsayin aikin gaggawa.

Darasi daga mutanen Gullah

Domin a gane abin da waƙa ɗaya za ta iya riƙewa, ya kyautu a duba labarin mutanen Gullah, jikokin bayin da aka kai gaɓar tekun jihohin Karolina ta Kudu da Jojiya a Amurka, inda aka sa su noman shinkafa da auduga. Zamansu a tsibirai da fadamu, nesa da sauran jama'a, ya sa suka riƙe karin harshe da abinci da saƙar kwanduna da salon ibada masu alaƙa da Afirka ta Yamma fiye da sauran baƙar fatar ƙasar.

A 1933, wani masanin harshe baƙar fata mai suna Lorenzo Dow Turner ya naɗi muryar wata mata, Amelia Dawley, a ƙauyen Harris Neck na Jojiya, tana rera wata gajeriyar waƙa da ta gada a gidansu. Danginta ba su san ma'anar kalmomin ba. Wani ɗalibi ɗan Saliyo, Solomon Caulker, shi ya gane cewa harshen Mende ne. Turner ya saka waƙar a littafinsa na 1949 kan kalmomin Afirka da ke cikin harshen Gullah, inda Hausa ma take cikin harsunan da ya lissafa.

Bayan fiye da shekara 50, masu bincike uku, Joseph Opala da Cynthia Schmidt da Tazieff Koroma, suka ɗauki wannan murya suna bin ƙauyukan Saliyo da ita. A ƙauyen Senehun Ngola suka tarar da wata mata, Baindu Jabati, wadda ta san waƙar daga wurin kakarta, ta kuma bayyana musu cewa waƙar makoki ce da mata ke yi. A 1997, Mary Moran, 'yar Amelia Dawley, ta je ƙauyen tare da iyalinta, aka kuma shirya fim kan wannan haɗuwa a 1998. Takardun masu cinikin bayi ba su ajiye sunan ƙauyen kowa ba, amma 'yan baituka da uwa ta riƙa rera wa 'ya sun nuna wa wannan iyali yankin da kakarsu ta fito.

Rawar Gullah ma tana ɗauke da nata tarihin. Bayan boren bayi na Stono a 1739, mahukuntan Karolina ta Kudu sun kafa doka a 1740 da ta hana bayi amfani da ganguna. A rawar da'irar da Gullah suka riƙe har yau, tafi da buga sanda a daɓen katako ne ke tsayawa a madadin ganga, masu rawa kuma suna zagayawa suna jan ƙafa a ƙasa, ɗaya na bayar da waƙa saura na amsawa. Wasu iyalai a gundumar McIntosh ta Jojiya sun ci gaba da yin ta a tsakaninsu, suka fito da ita bainar jama'a a 1980, gwamnatin Amurka ta karrama su a 1993. A 2006 majalisar dokokin ƙasar ta ayyana yankin Gullah, daga Karolina ta Arewa zuwa Filorida, a matsayin wurin tarihi da ake kula da shi da kuɗin gwamnati.

Kano ma tana da hannu a wannan labari. A tsibirin Sapelo na Jojiya an yi wani bawa Musulmi, Bilali Muhammad, Bafulatanin Timbo ta Futa Jalon, wanda ya bar wani rubutu na Larabci mai shafi 13. Masanin harshe Joseph Greenberg, wanda ya yi bincike a ƙasar Kano a ƙarshen shekarun 1930, ya nuna wa malaman Kano kwafin rubutun, daga nan ne aka danganta wasu sassansa da Risala ta Ibn Abi Zaid. Jikokin Bilali sun daɗe suna tuna wata wainar shinkafa da kakanninsu ke raba wa yara suna kiranta saraka, kalmar da duk Bakano zai ji ta yi masa kama da sadaka. Ke nan malaman Kano sun taimaka wa wasu wajen gano asalinsu tun fiye da shekara 80 da suka wuce, alhali irin wannan aiki bai samu mai yi sosai ba a ƙofar gidansu.

Yadda unguwannin biyu suka taru

Riwayoyin tarihi na danganta kafuwar Fagge da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, a matsayin zangon da fatake daga Sahara ke sauka a bayan ganuwa. Buzaye da Azbinawa masu kawo gishiri da kanwa da dabino sun yi ƙarnoni suna yada zango a wurin, wasunsu suka yi aure suka zauna. Da Turawa suka ci Kano a 1903, jirgin ƙasa kuma ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya janyo sababbin baƙi. Fagge ta cika da Hausawan wasu garuruwa da Barebari da Nufawa da mutanen ƙasar Nijar, yayin da Kwarori 'yan Labanon da Siriya suka kafa kantunansu a wurin da ake kira Kantin Kwari a yau.

Sabon Gari kuwa Turawa ne suka yanka shi a wajen 1913 domin ma'aikatan jirgin ƙasa da akawu-akawu da 'yan kasuwa daga kudancin Najeriya da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. A cikin mazaunansa na farko akwai Yarabawa da mutanen Saliyo da na ƙasar da ake kira Gana yanzu, daga baya Ibo suka zo da yawa. Sunayen tituna kamar Gold Coast da Abekuta da Inugu da Warri suna nan suna ba da shaida. Masana irin su Ahmed Bako da Rasheed Olaniyi sun rubuta littattafai masu amfani kan tarihin unguwar da zaman Yarabawa a Kano, sai dai irin wannan bincike ya fi dogara da takardun gwamnati da hirar manyan maza. Abin da mata ke rerawa a tsakar gida bai samu irin wannan kulawa ba.

Abin da kiɗa ke faɗa

A ƙasar Hausa, ganga na bayyana sana'ar gidan mutum tun kafin ya buɗe baki. Kalangu na mahauta ne, dundufa ta maƙera ce, kotso da taushi da tambari na fada ne, gangar noma ta manoma ce. Iyalin da kakanninsu suka bar fawa ko ƙira tun tuni suka koma sayar da atamfa a Kwari za su iya gane tushensu daga taken da tsohon makaɗi zai saki da ya hango dattijon gidan. Maroƙi nagari yana jero uba da kaka da kakan kaka, ya ambaci garin da suka baro da sarkin da suka yi zamani da shi. Waƙoƙin gaɗa da na shantu da na kiɗan ƙwarya, da waɗanda ake yi a wurin daka da niƙa, cike suke da sunayen ƙauyuka da rijiyoyi da shekarun yunwa da na fari.

Sauran al'ummomin yankin ma haka abin yake. Bayarabe yana da oriki, kirarin zuri'a da ke ambaton garin asali da halayen gida, wanda iyaye mata ke yi wa yaro tun yana goye. Ƙungiyoyin garuruwan Ibo a Sabon Gari suna fitowa da rawa da kiɗan ƙarfen ogene a bukukuwansu, musamman na sabuwar doya, kuma wanda ya san kan abin yana iya gane garin da rukuni ya fito daga salon rawarsa. Matan Buzaye suna da tende, gangar da ake haɗawa da turmi da fata, da goge mai tsirkiya ɗaya da ake kira imzad, wanda UNESCO ta saka a jerin al'adun duniya a 2013. Tibi suna da rawar suwange. Duk waɗannan suna raye ne ko suna mutuwa a cikin ƙaramar hukuma ɗaya, a unguwannin da ba su fi tafiyar ƙafa tsakaninsu ba.

Akwai kuma Hausawan da tarihi ya jefa nesa, waɗanda halinsu ya fi kama da na Gullah. Ayarin da ya sauke gishiri a Fagge ya kan koma da mutane. A birnin Tunis har yau akwai kiɗan stambeli na jikokin bayin da aka kai daga ƙasashen Hausa da Barno, kuma waƙoƙinsa na ɗauke da kalmomin Hausa da Barbarci da yawancin masu rera su ba sa jin ma'anarsu. Tunisiya ta haramta bauta tun 1846, kuma wani Bature, Tremearne, ya rubuta littafi a 1914 kan Hausawan da ya tarar a Tunis da Tarabulus. Duk ɗan Tunis da zai zo Kano neman tushen waƙar kakarsa yana buƙatar ya tarar da muryoyin da aka naɗa aka adana domin ya gwada da tasa. Idan babu su, zai koma hannu rabbana.

Dalilan da suka sa ake asara

Na'urar kiɗa ta maye gurbin makaɗan gida a mafi yawan bukukuwa. Biki ya tashi daga tsakar gida ya koma ɗakin taro na haya, inda ake biya da awa, babu lokacin da wata gwaggo za ta tsaya tana jero kakanni. Injin niƙa ya tafi da waƙar niƙa. 'Ya'yan makaɗa da yawa sun guji sana'ar iyayensu saboda ƙasƙancin da ake jingina wa roƙo. Tsofaffin gidaje a Fagge ana sayar da su ana mayar da su shaguna da ɗakunan ajiyar kaya, dangi suna warwatsuwa zuwa sababbin unguwanni. A Sabon Gari kuwa, rikice-rikicen 1953 da 1966 da 1991 da 2004, da harin bam na tashar motar New Road a 2013, kowannensu ya sa wasu iyalai sun tattara sun tafi da abin da ke ƙirjinsu.

Sha'awar matasa dai ba ta mutu ba. Bikin ranar ƙauyawa da ya yaɗu a shagulgulan aure, wanda hukumar tace fina-finai ta jihar ta hana a 2025, ya nuna samari da 'yan mata na son taɓa wani abu na da. Matsalar ita ce abin da suka samu kwaikwayo ne da ba'a, domin ba wanda ya nuna musu na gaskiya. Hani kaɗai ba zai cike wannan giɓi ba.

Ƙorafe-ƙorafen da ya wajaba a saurara

Wasu za su ce kiɗa da rawa ba abin da gwamnatin jihar da ke bin shari'ar Musulunci za ta zuba wa kuɗi ba ne, musamman ganin cewa wasu tsofaffin waƙoƙin suna da alaƙa da bori, wasu kuma akwai batsa a cikinsu. Wannan damuwa ce ta gaskiya, kuma malamai na da haƙƙin a tuntuɓe su tun farko. Sai dai adana murya domin bincike daban ne da raya aƙida. Gidan Makama yana ajiye da kayan tarihi na zamani daban-daban ba tare da an ce ana kira ga komawa gare su ba. Sanin nasaba da sada zumunta kuwa abubuwa ne da addini ya kwaɗaitar a kai, kuma mafi yawan abin da ake magana a kansa waƙoƙin raino ne da na aiki da na aure da mata ke yi a tsakaninsu.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi. Tonon asali na iya tono bauta. Ba a soke bauta baki ɗaya a dokar Arewacin Najeriya ba sai 1936, kuma tarihin rinji da gandu a wurare kamar Fanisau rubutacce ne. Har yau gorin asali na iya rusa maganar aure. Mutanen Gullah sun ɗauki shekaru masu yawa kafin su daina jin kunyar harshensu, wanda ake yi wa kallon gurɓataccen Turanci. Saboda haka dole ne kowane iyali ya zama shi ke da ikon cewa a fitar da abin da aka naɗa a gidansa ko a rufe shi, kuma a rubuta wannan sharaɗi kafin a kunna na'ura.

Na uku, waƙa ba ta zama hujja ita kaɗai. Maroƙi na ƙara gishiri domin a ba shi kyauta, kuma gidaje da dama na son a danganta su da sarauta ko da Gabas. Sai an gwada abin da aka ji da takardun Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna da na Gidan Arewa, da rajistar baftisma da ta aure a tsofaffin coci-cocin Sabon Gari, da bayanan kotunan alƙalai kan gado da filaye. Labarin waƙar Mende ya samu karɓuwa ne domin masana harshe da na kiɗa sun tantance shi.

Abin da ya kamata a yi

Matakin farko shi ne naɗa, kuma ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Wayar hannu ta yau ta fi na'urar da Turner ya yi aiki da ita nesa ba kusa ba. Jami'ar Bayero tana da cibiyar nazarin harsunan Najeriya da al'adun gargajiya, tana da sashen wasan kwaikwayo, tana kuma da gadon aikin Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau kan makaɗa da mawaƙan Hausa da na Farfesa Abdalla Uba Adamu kan adana kiɗan gargajiya. Waɗannan ayyuka sun taimaka wajen tsare waƙoƙin fitattu irin su Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo da Barmani Coge. Abin da ya rage shi ne a tura ɗalibai, musamman mata, gida-gida a mazaɓun Fagge da Sabon Gari, su naɗi waɗanda ba su taɓa shiga rediyo ba, a rubuta sunan mai waƙa da wanda ya koya mata da garin da aka zo da waƙar.

Na biyu, Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, wadda ke Gidan Ɗan Hausa, ta buɗe ma'ajiyar muryoyi da za ta karɓi wannan aiki, a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya, a kuma bai wa kowane iyali nasa. Gobarar da ta ci Kasuwar Sabon Gari a 2016 ta isa tunatarwa kan haɗarin ajiye abu mai daraja a wuri guda.

Na uku, a mayar da abin da aka tattara gaban jama'a. Ƙaramar hukuma, tare da hakimi da masu unguwanni da Sarkin Yarabawa da Sarkin Ibo da shugabannin sauran al'ummomi, za su iya shirya taron shekara-shekara da rana tsaka, inda kowane rukuni zai gabatar da waƙa ko rawa ɗaya, wani daga cikin dangi ya tashi ya yi bayanin inda ta fito da yadda ta iso Kano. A keɓe zama na mata zalla ga waƙoƙin da nasu ne. A biya tsofaffin makaɗa haƙƙinsu, a haɗa su da matasan da za su koya. Makarantun firamare da sakandare na yankin su ba ɗalibai aikin gida na naɗo waƙa ɗaya daga bakin kaka tare da labarinta.

Najeriya ta amince da yarjejeniyar UNESCO ta 2003 kan kare al'adun da ba a taɓa su da hannu, kuma a Disambar 2024 hukumar ta saka Hawan Sallar Kano a jerin al'adun duniya. Wannan abin alfahari ne, amma tarihin fada yana da masu tsaron sa. Tarihin talakan da ya zo da raƙumi ko da jirgin ƙasa shi ne ba shi da mai riƙe masa.

Batun ya shafi zaman yau kai tsaye. A Sabon Gari akwai matasan da a Kano aka haifi kakanninsu, amma har yanzu ana kiran su baƙi idan maganar takardar shaidar asali ta taso. A Fagge akwai waɗanda ke kallon na tsallaken titi a matsayin bare, ba tare da sanin cewa nasu kakan ma ɗan zango ne ba. Taron waƙa ba zai gyara dokar asali ba, ba kuma zai goge abin da ya faru a 1953 ko 1966 ba. Amma yaron da ya ji da kunnensa yadda gidansu da gidan maƙwabcinsa suka iso wannan gari zai yi wuyar ruɗuwa a hannun mai son tayar da fitina. Yawancin tsofaffin da za su ba da wannan shaida sun haura shekara 70. Ya dace a ga kuɗin wannan aiki a kasafin ƙaramar hukuma da na jiha na shekara mai zuwa, tun suna da ƙarfin yin magana.